FILIN WASANNI: Puig Aubert, ko kuwa haƙƙin mai gumi

A wannan mako za mu jingine tamaula, mu leƙa wani wasa da ba mu saba da shi ba, wato rugbi, wanda wasu ke kira zari-ruga. Ƙwallonsa mai kama da ƙwai ne, ana rungumar shi a ruga da gudu, abokan karawa kuma su yi ƙoƙarin kada mutum ƙasa.

Rugbi iri biyu ne: na mutum 15 da na mutum 13. Kuɗi ne mafarin rabuwarsu. A shekara ta 1895, a garin Huddersfield na arewacin Ingila, ƙungiyoyin da ƴan wasansu leburorin haƙar gawayi ne da ma'aikatan masaƙu suka ɓalle. Buƙatarsu ita ce a biya ɗan wasa ladan yinin da ya rasa a wurin aiki saboda wasa. Manyan da ke riƙe da rugbi, masu abin hannunsu, suka ce karɓar kuɗi a wasa abin kunya ne. Daga wannan ɓaraka aka haifi rugbin mutum 13.

Wasan ya shiga Faransa a 1934, nan da nan ya sami farin jini a kudancin ƙasar, har Faransa ta zama zakaran Turai a 1939. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo. Ran 19 ga watan Disamba 1941, gwamnatin Vichy ta Mareshal Pétain ta sa hannu bisa dokar da ta rusa hukumar wasan, aka ƙwace dukiyarta. Laifin da aka ɗora wa wasan shi ne ana biyan ƴan wasansa.

A cikin wannan hali Puig Aubert ya tashi. An haife shi a 1925 a Andernach ta ƙasar Jamus, ya girma a kudancin Faransa. Ya fara da rugbin mutum 15 a Perpignan, tun da shi kaɗai aka bari. Da aka kori ƴan mamaya a 1944, wasan da aka hana ya farfaɗo, saurayin kuwa ya sa hannu da ƙungiyar Carcassonne yana da shekara 19.

Gajere ne, ba shi da ƙirar ƴan dambe. Matsayinsa shi ne mai tsaron baya, amma arzikinsa a ƙafa yake. A rugbi ana samun maki idan aka buga ƙwallo ta ratsa tsakanin turaku biyu, bisa sandar da aka gicciya, shi kuwa da wuya ya yi kure. Tare da Carcassonne ya ci kofin zakarun Faransa har sau 5 tsakanin 1945 da 1953, ya ƙara na shida da ƙungiyar XIII Catalan a 1957. Ya sa rigar ƙasarsa sau 46 daga 1946 zuwa 1956.

Shekarar da ta fitar da shi ita ce 1951, lokacin da ƴan wasan Faransa suka yi rangadinsu na farko zuwa Ostareliya, inda wannan wasa yake tamkar gado. An zaci baƙin za su sha kashi. A karon farko, a birnin Sidni, Faransa ta yi nasara da ci 26 da 15. Masu masauki suka rama a Brisbane da ci 23 da 11. A karo na uku, wanda zai raba gardama, Faransawa suka lallasa su 35 da 14. Ƙungiyoyin Sidni suka yi wa Puig Aubert tayin kuɗi masu tsoka don ya zauna, ya ce gida ya fi masa. Da suka sauka a tashar jirgin ruwan Marseille, dubban mutane suka fito tarbarsu. A ƙarshen shekarar, jaridar wasanni L'Équipe ta naɗa shi zakaran zakarun Faransa. Shekara 10 kacal ke nan bayan dokar Pétain. Hassada ga mai rabo taki ce.

Amma ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Laƙabinsa Pipette ya samo asali daga shan taba, wadda ba ya rabuwa da ita ko a bakin fili. Ba ya son horo, kuma an san shi da ƙyashin tare abokin karawa, yana ganin wannan aikin na gaba ne. A 1954 ya jagoranci Faransa a gasar kofin duniya ta farko, Birtaniya ta doke su a wasan ƙarshe a Paris da ci 16 da 12. Daga nan ƙiba ta fara cin ƙarfinsa, har ya ajiye wasa. Ya rasu a Carcassonne a 1994, an kuma kafa masa mutum-mutumi a bakin filin wasan garin.

Dukiyar da aka ƙwace a 1941 ba a maido da ita ba. Kalmar rugbi kanta an hana wasan amfani da ita shekara da shekaru, sai a 1993 kotu ta tabbatar masa da sunansa. A 1995 kuma, shekara 100 cif bayan rabuwar Huddersfield, hukumomin rugbin mutum 15 suka amince a riƙa biyan ƴan wasansu, abin da suka daɗe suna kira abin kunya.

Ma'aikaci da ɗan kasuwa duk sun san wannan magana ba ta tsaya ga filin wasa ba. Mai cewa a yi aiki don kishi kawai, galibi shi ne wanda tukunyar gidansa ba ta dogara da ladan yini ba. Biyan Puig Aubert bai rage masa kishin ƙasa ba, tun da ya ga kuɗin Sidni ya juya musu baya. Kafin a tambayi mutum kishinsa, a fara ba shi haƙƙin guminsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.