Ba kullum tsufa ba ne

In ganin iyayenmu ya dushe, sai mu ce tsufa ne. Sau da yawa kuwa yanar ido ce. Bayan baƙin ido akwai ɗan gilashi garau da haske ke ratsawa; in ya yi hazo, gani ya ragu. A likita ana cire shi a sa na roba, tsohuwa ta koma tsinkar zogalenta. Hawan jinin ido kuwa yana cin jijiyar gani ba zafi, abin da ya tafi ba ya dawowa. Kada mu bari mai maganin kasuwa ya tsokane masu ido. Mu fidda kuɗin mota daga asusun taimako, mu kai su awo.