Gigin Tsufa: Yadda Wayar Salula Za Ta Tallafa wa Mai Jinya

Wataƙila a gidanku akwai tsohuwa wadda mantuwa ta yi wa yawa. Ta ci tuwo, an jima kaɗan ta ce ba a ba ta ba. Ta fita, ta kasa gane hanyar gida. Wata rana ma ba ta shaida ɗan cikinta. Wasu kan ce iskoki ne, wasu har su jefe ta da maita. Ku sani wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, sunansa gigin tsufa. Yana kama maza da mata, amma ba kowane tsoho yake kamawa ba.

Wa ke ɗauke da nauyin?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Kashi 70 cikin ɗari na lokacin jinya kuwa, mata ne ke bayarwa. Ku dubi garuruwanmu na Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Da an gama girbin gero, samari sun tafi cin rani. Ɗiya ko suruka ce za ta yi daka, ta ɗebo ruwa, sannan ta kwana tana tsaron tsohuwa. In ta faɗi ciwo, mutum biyu ne suka shiga wahala.

Me aka gwada a wasu wurare?

Har yanzu babu maganin da ke warkar da yawancin nau'o'in wannan ciwo. Shi ya sa masana suka mai da hankali ga mai jinya. A Amurka da Turai akwai tsare-tsaren da ma'aikacin lafiya ke kiran mai jinya ta waya, ya saurare ta, ya ba ta shawara. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin iSupport, wanda akwai shi kuma a intanet. Yana koyar da sanin ciwon, da kulawar yau da kullum, da abin yi idan halin tsoho ya sauya, da yadda mai jinya za ta kula da kanta.

Wannan hanya ba ta fi ƙarfinmu ba. A 2009 da 2010 shirin ABC ya koya wa ɗaliban yaƙi da jahilci na jihohin Doso da Damagaram aiki da salula, kuma sun fi sauran ɗalibai cin jarrabawa. Ke nan karatun da kuke koyo yanzu yana da amfani a jinya.

Abin da za ku iya yi

1. Ku kai tsoho likita tun da wuri, a duba hawan jini, ciwon sukari, ji da gani.
2. Ku roƙi ma'aikacin lafiya lambar da za ku riƙa kira. Ku rubuta tambayoyinku kafin ku kira, don kada kuɗin waya su ƙare a banza.
3. Ku rubuta sunan tsoho, sunan garinku da lambar waya, ku sa masa a aljihu.
4. Ku nisanta shi da wuta, rijiya da babbar hanyar mota. Kada a ɗaure shi, kada a yi masa tsawa.
5. Ƴan'uwan da ke nesa su sa ranar kira. Kada su tambayi lafiyar tsoho kawai, su tambayi ta mai jinya.

Waya tana da iyaka. Akwai inda sadarwa ba ta da ƙarfi, kuma mata da yawa ba su da wayar kansu, don haka maigida ya bar wa mai jinya waya a hannu. Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya, ko zazzaɓi ya kama shi, ko gefen jikinsa ya mutu, kada ku tsaya kira. Ku kai shi asibiti nan take.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba aikin jinya tsakaninku, mai jinya ita ma ta samu ranar hutu.