Tambarin "ƙirar China" ba ya nuna inda kuɗin waya ke zuwa

Matashin da ya sayi Tecno ko Infinix a shagon waya a Hunkuyi zai iya ganin an rubuta a jikin kwalin cewa a China aka ƙera ta. Rubutun gaskiya ne, amma bai faɗi komai da komai ba. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ne mai wayar, sai dai ƙwaƙwalwar da yawa daga wayoyinsa ta kamfanin MediaTek na Taiwan ce, an kuma gina ta bisa tsarin kamfanin Arm na Ingila. Ma'adinin kobalt da ke cikin batir kuwa, mafi yawansa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi.

Matsalar ita ce lissafin kwastam yana ɗora dukkan kuɗin kaya a kan ƙasar da suka fito ta ƙarshe. Wani bincike na shekarar 2010 ya nuna cewa ƙera iPhone 3G ɗaya yana cin kusan dala 179, amma aikin harhaɗa ta a China dala 6.5 ne kacal. Irin wannan giɓi ne ya sa ƙungiyar OECD da Hukumar Ciniki ta Duniya suka fito da sabon ma'auni a 2013, wanda ke ƙirga abin da kowace ƙasa ta ƙara da kanta.

Manoman tumatir na Kudan da Ikara sun san wannan tun tuni. Ana shigo da niƙaƙƙen tumatir daga China a zuba shi a gwangwani a Najeriya, alhali nasu yana ruɓewa a kwando. Sunan Najeriya na kan gwangwanin, kuɗin manomi kuma ya tafi waje.

Da wannan idon ya kamata matasa su duba duk wayar da aka tallata da sunan "ƙirar Najeriya". Ɗaure noti a kan kayan da aka shigo da su aiki ne, yana ciyar da wasu gidaje, amma rabonsa ne mafi ƙanƙanta. Haka ma masana'antar sarrafa litiyom da aka buɗe a jihar Nasarawa a 2024: matakin farko ne, batir ɗin a wata ƙasa ake ƙera shi.

Kafin a yi tafi, a fara tambaya: cikin kowace naira ɗari da mai saye ya biya, nawa ce ta kwana a gida?