Jami'o'in Amurka: ina kasuwar ƴan'uwantaka ta kwana?

Masu iya magana sun ce sabo da maza jari. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kaya bisa amana, da duk ma'aikacin da takardarsa ta taɓa shekara cikin biro don rashin mai tura ta, ya san gaskiyar wannan magana. Amurkawa ma sun san ta, har sun gina mata gidaje cikin jami'o'insu. A can, ɗalibin da ya shigo yana iya neman shiga wata ƙungiya ta ƴan'uwantaka, maza da tasu, mata da tasu, wadda ake raɗa wa suna da haruffa biyu ko uku na Girkanci. In an karɓe shi sai ya yi rantsuwa, a koya masa gaisuwar asiri, ya riƙa zuba kuɗin ƙungiya, sau da yawa kuma ya tare a gidanta. Daga ranar ya zama ɗan'uwa har mutuwa. Ƙididdigar da aka fi ambatawa tana cewa ɗalibai kimanin dubu 750 ne ke ciki, ban da miliyoyin waɗanda suka gama karatu. Sai dai wannan adadi bai taɓa zama wuri ɗaya ba: yakan cika ya ragu kamar gulbi, kuma kowace cika da kowace raguwa tana da dalilinta.

Tushen al'amarin

Ƙungiya ta farko mai sunan Girkanci, Phi Beta Kappa, an kafa ta ne cikin watan Disamba na 1776 a kwalejin William da Mary ta jihar Birjiniya, wato shekarar da ƙasar ta yi shelar ƴancin kanta. Irin waɗanda ake gani yau kuwa sun faro ne daga 1825 a kwalejin Union ta jihar New York. Mata sun bi sahu a 1851 a garin Macon na jihar Jojiya. Da abin ya yi yawa, sai aka kafa majalisun haɗin gwiwa: ta mata a 1902, wadda a yau ta ƙunshi ƙungiyoyi 26, ta maza kuma a 1909. Shugabannin ƙasa irin su Gerald Ford, da Ronald Reagan, da Bush uba da ɗa, duk sun ci tuwon waɗannan gidaje.

Tun da ƙofofin a rufe suke ga baƙar fata, sai su ma suka kafa nasu. Alpha Phi Alpha ta maza ta bayyana a jami'ar Cornell a 1906, Alpha Kappa Alpha ta mata kuma a jami'ar Howard a 1908, har suka cika tara. Martin Luther King ɗan ta farkon ne, Kamala Harris ƴar ta biyun ce. Kwame Nkrumah na Gana da Nnamdi Azikiwe na Najeriya, waɗanda suka yi karatu a Amurka, ƴan Phi Beta Sigma ne. Waɗannan tara suna da wata al'ada da ta bambanta su da saura: mutum yana iya shiga ko bayan ya gama jami'a, don haka ƙarfinsu bai rataya ga yawan ɗalibai kaɗai ba.

Cika da raguwa

Bayan yaƙin duniya na biyu, dokar 1944 wadda ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika jami'o'i, gidajen ƙungiyoyi ma suka cika. A ƙarshen shekarun 1960 kiɗa ya sake. Samarin da ke zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da neman haƙƙin baƙar fata sun ɗauki waɗannan gidaje a matsayin zauren ɗiyan masu hali, suka juya masu baya. A farkon shekarun 1970 ƴan ƙungiyoyin maza sun sauko ƙasa da dubu 200. Zuwa 1990 kuwa sun kai kusan dubu 400.

Mene ne ya maido da su? Guguwar zanga-zanga ta lafa, samari sun koma neman abin kansu, sinima kuma ta ƙawata rayuwar sharholiya ta waɗannan gidaje, musamman fim ɗin Animal House na 1978. Akwai kuma wani dalili da masu doka ba su hango ba. A 1984 gomnatin tarayya ta matsa wa jihohi su hana sayar da giya ga wanda bai kai shekara 21 ba, in ba haka ba a rage masu kuɗin gyaran hanyoyi. Galibin ɗalibai ba su kai waɗannan shekaru ba. Da aka rufe masu mashaya, sai gidajen ƙungiyoyin maza suka zama wurin da ake sha ba mai tambaya. An toshe ƙofa, ruwa ya bi ta taga.

Abin da ya kawo riba shi ne kuma ya kawo hasara. Haɗurra sun yawaita, iyaye sun riƙa kai ƙara gaban shari'a, kuɗin inshora ya hau, adadin ya sake sauka cikin shekarun 1990. Wasu ƙananan kwalejoji masu daraja na arewa maso gabas sun yanke hukuncin rabuwa da ƙungiyoyin baki ɗaya: Williams tun 1962, Amherst da Colby a 1984, Bowdoin a 1997. Duk da haka, daga shekarun 2000 zuwa wajen 2015 kasuwa ta sake ci, har ƙungiyoyin mata suka kai kimanin ɗalibai dubu 400.

Shekarun ƙunci

Daga nan masifu suka jeru. A 2015 wani bidiyo ya nuna ƴan wata ƙungiya ta jami'ar Oklahoma suna waƙar cin mutuncin baƙar fata, aka rufe gidansu. A 2017 samari huɗu sun rasa rayukansu a jami'o'i huɗu, a jihohin Pensilbaniya, Luwiziyana, Filorida da Teksas, sakamakon ɗirkar giya da ke tattare da karɓar sababbin shiga. Wannan gwale-gwale, wanda tsofaffin ƴan lise suka sani da sunan bizutaj, ya daɗe yana cin rayuka a can; abin da ya sake shi ne iyayen mamatan sun ƙi yin shiru. Jihohin Pensilbaniya da Luwiziyana sun tsananta hukunci a 2018. Majalisar ƙungiyoyin maza ta haramta barasa mai ƙarfi cikin gidajenta daga 2019. A watan Disamba na 2024 shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan dokar da ta tilasta wa jami'o'i bayyana wa jama'a laifuffukan gwale-gwale da aka kama a cikinsu.

Shekarar 2020 ta zo da duka biyu. Annobar korona ta rufe makarantu, alhali ƙungiyar da jarinta shi ne cuɗanya ba ta da abin tallatawa in kowa yana ɗakin uwarsa. Kisan George Floyd a watan Mayu kuma ya tada ƙura, har ɗalibai da dama, musamman a jami'ar Vanderbilt, suka fice daga ƙungiyoyinsu suna kiran a rushe tsarin ɗungurungum. Ba a rushe shi ba. A jami'ar Duke a 2021, da jami'ar Kudancin Kalifoniya a 2022, wasu ƙungiyoyin maza sun gwammace su yanke hulɗa da hukumar makaranta su ci gaba da harkarsu a waje, da su bi sababbin ƙa'idoji. Wannan ya bar hukumomi cikin tsaka mai wuya, domin gidan da ya fita daga rajista ya fita daga idon mai tsaro, amma ɗaliban da ke kwana cikinsa ɗalibansu ne.

Kudu na cika

A manyan jami'o'in gomnati na kudancin ƙasar kuwa, labarin daban ne. A jami'ar Alabama kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ɗan ƙungiya ne, kuma kowane watan Agusta ƴan mata fiye da dubu 2 ke jerin gwanon neman shiga. A 2021 hotunan wannan mako sun mamaye TikTok, miliyoyin mutane suka kalla, abin ya zama talla ta kyauta. A wannan jami'a ce, a 2013, jaridar ɗalibai ta tona cewa ana hana ƴan mata baƙar fata shiga, shekara 50 cif bayan gomna George Wallace ya tsaya a ƙofar makarantar don hana baƙaƙe rajista. Sai da abin ya zama abin kunya ga ƙasa kafin a buɗe ƙofa.

Ke nan abin da ake gani a yau rabuwa ce gida biyu: inda al'adar ta yi saiwa tana ƙara ƙarfi, inda take da rauni tana ƙara sirancewa. Abubuwa biyu ne za su yanke hukuncin gobe. Na farko kuɗi. Ɗan ƙungiya yakan biya daga ɗaruruwa zuwa dubban daloli kowane zangon karatu, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. Dubu ɗaya tata ta haura jika 500 na sefa. Na biyu haihuwa. An haifi jarirai miliyan 4,3 a Amurka a 2007, a 2023 kuwa kimanin miliyan 3,6. Ɗaliban matakin farko na jami'a sun ragu daga miliyan 18 a 2010 zuwa ƙasa da miliyan 16 a 2021, kuma mata sun rinjayi maza a cikinsu. Ƙungiyoyin maza ne za su fara jin jiki, domin rijiyar da suke ɗiba ita ce ta fi ja da baya.

Abin da ake saye

To, me ya sa har yanzu ake tururuwa duk da tsada da haɗari? Wasu masana tattalin arziki na kwalejin Union, inda abin ya samo asali, sun bi diddigin tsofaffin ɗaliban wata kwaleji, suka gano cewa shiga ƙungiya yana rage wa namiji maki kaɗan, kimanin rubu'in maki cikin huɗu, amma yana ƙara masa samu da kusan kashi 36 bisa ɗari bayan ya fara aiki. Binciken makaranta ɗaya ne, ba a yi masa kuɗin goro, amma ya faɗi abin da kowa ya sani a ransa: takardar shaida tana kai mutum bakin ƙofa, sanayya ce ke buɗe ta.

Nan ne gizo ke saƙa. Neman ƴan'uwa a baƙon wuri ba laifi ba ne. Ɗalibin da ya baro Tawa ko Damagaram ya sauka Yamai shi ma amikal ɗin ƴan garinsu yake fara nema. Bambancin shi ne amikal ba ta tambayar nauyin aljihu, ba ta kuma jefa ƙuri'ar asiri a kan wanda ya cancanci zama ɗan'uwa. Matuƙar hanyar samun aiki tana bi ta gidan da sai mai hali ke iya biyan kuɗinsa, ɗan talaka mai ƙwazo zai ci gaba da fara tsere daga baya, ko adadin ƴan ƙungiya ya hau ko ya sauka.

Uban da Allah ya hore wa tura ɗansa karatu Amurka, ko wanda ɗiyarsa ta samu burs, yana da abin yi. Ya tambayi kuɗin ƙungiya kafin a shiga, ya tabbatar jami'a ta amince da ita, ya kuma sa a duba bayanan da dokar 2024 ta wajabta a buga. Sa'an nan ya ja kunnen yaron: ƴan'uwan da sai sun wulaƙanta mutum kafin su kira shi nasu, ba su ne za su ɗauki gawarsa ba. Sabo da maza jari ne, amma ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya zuba jari sai ya san hannun da zai riƙe shi.