Motar Kara a Zamanin Tsoro

Idan kaka ta yi a 'Yankara, garin nan na ƙaramar hukumar Faskari da ke bakin titin Funtuwa zuwa Gusau, dawa ta manya ce, kara kuwa rabon yara. Yaro zai zaɓi kara mai kauri, ya ɓare shi, ya tsaga ɓawon siri-siri ya zama ƙusa, totuwar kuma ta zama katako. Da sakaina ko tsohon silifa ake yanka taya. Kafin la'asar an ƙera babbar mota, har da bodi. 'Yan mata na gefe suna ɗinka wa 'yartsana kaya da ƙyallayen da tela ya zubar.

Masu kiran wannan shiririta ba su duba da kyau ba. Yaron da motarsa ta karkace don taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma ya gane awo tun bai ga rula ba. Ya warware, ya sake, ɓawon ya yanke shi a yatsa, gobe ya iya riƙo. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindergarten a 1840, a kan irin wannan ya gina tsarinsa: ƙwallo, guntayen katako, yumɓu. Abin takaici, makarantun kuɗi na birane sun karɓi sunan, sun cika aji da robobin kanti waɗanda ba su bar wa yaro komai ya yi ba sai kallo.

A karkara, abin da ke kashe wannan fasaha ya fi roba muni. Ba a aji ake koyonta ba. Wa ne ke koya wa ƙane, a bakin gona ko bayan gari. Tun kafin daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye a Faskari da Sabuwa suka daina sakin 'ya'yansu su yi nisa, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Gonar da ba a noma ba ba ta ba da kara. Ɗan wanda ya samu kuma danga da murhu da dabbobi na jiransa.

Tunda yaro ba zai je bakin gona ba, sai karan ya zo inda yake. Dami ɗaya ya ishi ajin share fagen firamare mako guda, ba sai an jira kwangila ba. Malama ta gayyato 'yan aji shida su koyar, reza ta tsaya a hannunta. A zaure da tsakar gida ma haka, musamman a gidajen da suka karɓi 'yan gudun hijira.

Yaro abin da ya gani yake ƙerawa. Wani zai haɗa mota, wani kuwa bindiga zai ɗaura da kara da tsumma. Kada a yi saurin ƙwacewa; a zauna kusa da shi, a tambaye shi inda ya gan ta.