Motar Kwatano da Haƙƙin Diyya

Yawancin motocin Honda da Toyota da ke jigila tsakanin Gagarawa, Gumel da kasuwar Maigatari 'yan Kwatano ne, sun sha hannu kafin su iso. Cikin irinsu akwai masu jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, wadda sinadarin cikinta kan lalace saboda zafi da danshi, ta fashe ta watsa wa direba ɓaraguzan ƙarfe. A Amurka an janye jakunkuna kusan miliyan 67, kuma a 2017 Takata ya amsa laifi, ya ware dala miliyan 125 domin waɗanda suka jikkata da iyalan mamata. Mai mota a Sule Tankarkar kuwa ba wanda ke aiko masa takardar janye jakar, domin sunansa ba ya cikin rajistar kamfanin motar. Wannan rashin adalci ne, tunda aibin daga masana'anta yake. Ya kamata hukumar FCCPC, mai kare masu sayayya, ta tilasta wa wakilan kamfanonin motocin sauya jakar kyauta, su kuma biya diyyar rauni. Masu motoci su adana lambar shasi, rasit da takardun asibiti, domin da su ake kafa hujja.