Famfon Ruwa da Murfin Taimin: Kada a Jira Sai Injin Ya Tafasa

Tun daga shekarar 1975, lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban haya a ƙasar Hausa. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma ko da yake an daɗe da daina harhaɗa ta, har yanzu akan ga tsofaffinta a hannun kanikawa a Ƙofar Marusa da sauran unguwannin birnin Katsina. Abin takaici shi ne yawancin masu irin wannan mota ba sa tunawa da famfon ruwanta sai ranar da tururi ya turnuƙe bonet.

Ga abin da kimiyya ta nuna. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da ke cikin fetur yakan zama zafin da dole ruwa ya kwashe daga jikin injin. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, shi ne ke tura ruwan ya zaga silinda, ya dawo lagireto iska ta huce shi. Idan boris ɗinsa ya cinye, ko tsatsa ta ci farfelarsa, sai ruwan ya yi sanyin gudu. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Katsina kan kai digiri 40, wannan kaɗai ya isa ya kashe inji: kan silindar 504 na alminiyum ne, zafi na tanƙwara shi, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

A gaban injin kuma akwai murfin taimin. A bayansa ne sarƙar da ke haɗa karanshaf da sandar buɗe bawul take, wadda ke sa sandar ta juya sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Idan robar da ke bakin murfin ta bushe, mai zai riƙa tsiyaya, ya jiƙa fambel ya sa shi santsi, ƙurar hunturu kuma ta sami abin maƙalewa.

Saboda haka hikima ita ce a sabunta su tare, tun ba su mutu ba, tunda duka biyun sai an kwance fambel ake kai gare su. Wasu za su ce kayan gyara sun yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma kuɗin famfo da roba bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Rigakafi ya fi magani.

Sabon famfo ma ba zai daɗe ba muddin ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya mai barin ɓawon gishiri. Ruwa mai tsabta ake so, haɗe da maganin hana tsatsa, da marfin lagireto mai riƙe iska, domin matsi kan ɗaga ma'aunin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120.

Ya kamata malaman kimiyya su riƙa kai ɗalibansu gareji. Darasin zafi da matsi da ake rubutawa a allo, ga shi nan a fili a hannun bakanike, kuma ɗalibin da ya fahimce shi zai iya ceton motar da ke ciyar da gidansu.